Ranar da Autana Ya Sa wa Kwamfuta Zarto

Surukata ce ta fara ba ni wannan labarin, matar autana, kafintan nan mai rumfa a bakin layinmu. Ta shigo ɗakina bayan azahar, mayafi a karkace, ta zauna bakin gado. Ta buɗe baki za ta yi magana dariya ta ci ƙarfinta, ta sake buɗewa sai ga hawaye.

Na ce, "Ke, zaɓi ɗaya ki yi, ba zan iya raka ki duka biyun ba."

Ta ce, "Mama, ɗanki ne."

Na ce, "To, na gane. Ci gaba da duka biyun."

Farkon abin a gabana aka yi shi. Jikata, 'yar babbar 'yata, a wurina take zaune saboda makarantarsu ta fi kusa da nan. Zanen gine-gine take karanta, tana shekarar ƙarshe. Wata da watanni tana zana wani asibitin yara, tun daga harsashi har rufi, duk yana cikin laftof ɗinta, ba ta da shi a ko'ina kuma. Jibi za ta tsaya gaban malamanta ta nuna. In ba ta nuna ba, sai baɗi. Ita kuwa na'urar ta zama irina: in yarinyar ta ce ta juya ginin a ga bayansa, sai ta tsaya cak kamar na kai tsakiyar matakala. A makaranta aka gaya mata ƙwaƙwalwar ce ta yi kaɗan, ta nemi wani ɗan falle da ake ce wa ram a ƙara mata.

Da safe muna karyawa, autana ya shigo gaishe ni, sai yarinyar ta ce, "Kaka, wai a ina ake sayar da ram a nan kusa?"

Na ce, "Ga shagon mai gyaran kwamfuta can kusa da kemis."

Autana ya dire kofi. "Wa? Wancan? Mutumin da in ya ga aiki mai kyau ba ya gane shi?"

Shekarun baya shi ya yi wa mai gyaran kantocin shagonsa, mutumin ya ce ɗaya ta karkace. Tun ranar autana ba ya bi ta ƙofar, gara ya zaga ta bayan kemis. Kantar kuwa ta karkace, ni na gani. In ka ajiye batir a kai, gangarawa yake yi har ƙarshe. Ɗana ne, kujerarsa ba ta taɓa karyewa da kowa ba, amma bai taɓa yarda akwai abin da bai sani ba tun yana rarrafe.

Ya ce, "Ni na san inda su kansu suke sarowa. Ni da nake haɗa sif ba tare da na kalli takarda ba? Kwamfuta ai akwati ce. Durowa ce a ciki, ka zare ƙarama ka zura babba."

Yarinyar ta ce, "Kawu, iri-iri ne fa, sai an duba lambar..."

"'Yata, tafi makarantarki. Kafin ki dawo za ki tarar tana gudu, sai kin riƙe ta da hannu biyu."

Na ce, "Kai, ajiye mata kayanta." Ina! Ya riga ya soke ta a hammata ya kai ƙofa. Yarinya kuwa ba za ta yi kokawa da kawunta ba. Ta ɗauki jaka ta fita tana waiwaye.

Daga nan kuma bakin surukata ne, da abin da ta gani da wanda maƙwabtan rumfar suka gaya mata.

A rumfarsa wuri ɗaya ne mai tsabta, wato kan wani sabon teburin rubutu da ya gama wa tsohon Hedimasta, an goge shi yana ƙyalli, sai dai a zo a ɗauka. A kai ya kifa laftof. Sukudirebansa na ƙyauren ƙofa ne, kan ya fi notin girma, sai ya leƙa wurin tela maƙwabcinsa ya aro ƙaramin da yake gyara keke da shi. Tela ya biyo kayansa, ya ja benci ya zauna. Mai aski ya ga tela ya zauna, shi ma ya taho. Mai faci ba ya son a ba shi labari, ya goge hannu ya iso.

Autana ya kwance notin, 'yan mitsi-mitsi kamar ƙwayar barkono, ya jera su a gefen tebur. Ya ɗaga murfin ƙasa, ya zaro ɗan fallen da ke ciki ya ɗaga sama.

"Ku duba don Allah. Wannan ɗan abin ne aka ce ya ɗauki asibiti guda? Ko kwalin ashana ya fi shi cika ido."

Ya jefa shi cikin gwangwanin ƙusa, ya sa hula ya nufi babbar kasuwar kayan wuta.

Abin da ya faru a can, shi da bakinsa ya gaya wa matarsa, don a ganinsa abin yabo ne. Ya hau bene ya shiga shagon da ya fi kowane haske. Mai shago ya ce, "Oga, ta tebur ce ko laftof? Wane samfuri ce?"

"Ka ga na yi maka kama da ɗan koyo? Fito min da su duka."

Aka jera masa. Ya ɗauki wanda ya fi tsawo, ya rufe ido ɗaya ya auna gefensa kamar yadda yake duba katako, ya ƙwanƙwasa da farce ya kara a kunne.

Mai shago ya ce, "Wannan na kwamfutar tebur ne, ba zai shiga laftof ba."

"Kai naka sayarwa. Shigarwa aikina ne. Abu in ya yi tsawo ai ragewa ake yi. Mu abin da muke tsoro shi ne ya gaza."

Ya dawo yana tafiya kamar ya sayo mota. Ya gwada a gurbin, rabi ya leƙo waje. Ko a jikinsa. Ya zaro fensir daga bayan kunne ya ja layi, ya ɗauko ƙaramin zarto.

Tela ya ce, "Injiniya, tsaya. Yankawa za ka yi?"

"A'a, aski zan yi masa."

Mai aski ya ce, "Ni kar ka sa ni a ciki. Ni ban taɓa rage wa mutum tsawo ba."

Ya take da ƙafa ya yanke. Wasu 'yan baƙaƙen abubuwa suka yi tsalle, ɗaya ya faɗa aljihun mai faci. Ya goga samfefa a bakin ya tura. Ya ƙi shiga. Ya juya ya tura. Ya ƙi.

Tela ya ɗaga guntun da ya faɗi ƙasa ya ce, "To wannan fa? In tunani ne a ciki, ai ka raba mata hankali biyu."

"Wannan ajiya ce. In ta cinye wancan a sa mata wannan. Matsalar ita ce mutanen benen nan kayan jabu suke sayarwa. Da ma na ji ƙarar ba ta yi min ba."

Ya sake sa hula. Wannan karon ya tafi da tef ɗin awo, ya ce ba a cutarsa sau biyu. Ya samu wani mai baza tsofaffin kayan kwamfuta a kan tebur ƙarƙashin gada, ya yi ta auna su ɗaya bayan ɗaya har ya sami mai tsawon da yake so. Shi ma ya fara tambayar samfuri, autana ya nuna masa tef ya ce, "Ga samfuri nan."

Tsawo kam ya yi daidai. Sai dai ashe kowane irin ram yana da ɗan giɓi a bakinsa, gurbin kuma yana da ɗan haƙori da yake faɗawa ciki. Giɓin wannan yana gabas, haƙorin yana yamma.

Mai faci ya ce, "Oga, ka ga kamar an yi shi ne don kada a sa wanda ba nasa ba."

"An yi shi ne don ragwaye su koma shago. Miƙo min magagari."

Ya goge sabon giɓi daidai inda yake so. Ya ɗora, ya juya guduma ya ɗan ƙwanƙwasa da ƙotar. Abin ya ce ƙas ya zauna. Ya miƙe ya kalli mutane ɗaya bayan ɗaya. Sai ya ga garin da magagari ya zubar a kan sabon teburin Hedimasta. Ya yi abin da yake yi kullum in ya gama goge katako: ya sunkuya ya cika baki da iska ya hure.

Notin nan kaf suka tashi suka faɗa cikin tarin garin katako.

Surukata ta ce a lokacin ne ta kawo masa abincin rana, ta tarar da manyan maza huɗu a durƙushe suna tona ƙasa kamar kaji. Aka aike ta gida ta ɗauko rariya. Aka tankaɗe rumfar nan, aka samu ƙusoshi, aka samu maɓallin da tela ya daɗe yana zargin mai aski da shi, aka samu makullin da ya ɓata tun bara. Noti kuwa ƙwaya biyu rak.

Autana ya kaɗe gwiwa ya ce, "Da ma noti na masu shakkar aikinsu ne. Ni gam nake sawa, jikokinka su gada."

Ya buɗe gwangwanin gam ɗin nan nasa mai ƙarfi, wanda in ya kama sai dai katakon ya tsage a wani wuri. Ya nemi ɗan guntun abin shafawa, hannunsa ya faɗa gwangwanin ƙusa, ya zaro tsohon ram ɗin yarinyar. Ya ce yauwa, ga amfaninka. Da shi ya lafta gam a gefen murfin, bai yi rowa ba. Ya mayar, ya juya laftof ta zauna daidai, ya shimfiɗa tawul, ya ɗora katako, ya ɗaure da ƙarfen matse katako har da teburin. Ya ce a bar ta ta sha, bayan la'asar kowa ya zo ya ga aiki.

Nan surukata ta ajiye kwano ta taho wurina a guje.

Ban samu na fita nan take ba, ƙafar nan sai da lallashi. Da na isa, na tarar ya share gaban rumfa, ya jera bencuna, har mutanen da ba su san me ake ciki ba sun samu wuri. Ya sake riga. Jikata ta sauko daga mota ta hango taron, ta zo ta tsaya kusa da ni, ta kama gefen mayafina kamar tana 'yar ƙarama.

Autana ya yi gyaran murya. "Jama'a, ana ce mana sai wane, sai shagon wane. Yau za ku ga cewa hannu shi ne hannu."

Ya kwance ƙarfen, ya yaye tawul, ya buɗe laftof, ya danna da babban yatsa. Fanka ta yi fuu a ciki. Fuskar laftof baƙa ƙirin. Sai ta fara kuka, ƙit, ƙit, ƙit.

Ya ce, "Kun ji? Gaisuwa take yi."

Tela ya ce, "To ka amsa mana."

"Sabon abu ya shiga jikinta, dole ta ɗan saba."

Mai aski ya ce, "Ni na taɓa jin irin wannan kukan, a asibiti. Ba a daɗe ba aka ce dangi su shigo."

Ya kashe ya kunna. Ƙit, ƙit, ƙit. Ya ɗan mare ta a gefe kamar rediyo. Jikata ta ce "Kawu!" da ƙarfi.

Ana cikin haka sai ga Hedimasta da mai motar ɗaukar kaya. Dattijo ne mai sanda, ba ya son a ɓata masa lokaci, rabin mutanen layin nan ya taɓa zane su. Ya ce, "Kafinta, na zo. Ɗauke abin nan a sa min teburina a mota."

"Yanzu kuwa, ranka ya daɗe."

Ya kama laftof da hannu biyu ya ɗaga. Tebur ya biyo ta.

Ya ajiye. Ya sake ɗagawa a hankali, wai ko teburin bai lura ba. Ƙafafu huɗu suka bar ƙasa, durowa ta zame ta faɗo masa a kan yatsa. Gam ɗin da bai yi wa rowa ba ya tsiyayo ta ƙasa ya kama fuskar teburin, ya sha iya shansa tun rana.

Wallahi mai faci sai da ya kwanta a kan benci. Mai motar da bai san kowa ba ya riƙe ciki ya jingina da taya. Wata mata da ta leƙo ta taga ta kira 'yar'uwarta ta zo ta gani.

Hedimasta ya gyara tabarau ya zaga teburin. "Na ce maka tebur mai durowa ɗaya. Yaushe na ce mai talabijin?"

"Ranka ya daɗe, sabon salo ne, yanzu haka ake..."

"Kuka kuma fa? A cikin salon yake?"

"Wannan za a iya rage shi."

Tela ya ce, "Da zarto."

Autana ya ga abin ya ƙi ci, ya juya ya ɗauko guduma da ƙarfen sassaƙa, ya sa bakin a ƙarƙashin laftof. Jikata ta rufe fuska. Ban san lokacin da na isa wurin ba, ƙafar ma ta manta tana ciwo. Na fizge gudumar.

Na ce, "Ka taɓa ka gani. Shekarar yarinyar nan ce a ciki, ba ƙofar banɗaki ba."

"Mama, ɗan bugu ɗaya ne..."

"Ni ma ɗan bugu ɗaya zan yi, ga gudumar a hannuna. Na goye ka da wannan ƙaton kan har bayana ya lanƙwashe, ban san ba komai a ciki ba, da na sauke ka tun da wuri."

Ya sunkuyar da kai. Na ga kunnuwansa sun yi irin yadda suke yi yana yaro in ya fasa kofi, sai na ji tausayinsa, amma ban mayar masa da gudumar ba. Na aiki surukata ta duba mai gyara, ta dawo ta ce ya rufe ya tafi. Na juya na roƙi Hedimasta ya yi haƙuri zuwa gobe, na gaya masa abin da ke cikin na'urar. Ya dubi jikata tana share hawaye ya ce, "Don ɗaliba na yarda. Don wannan kuwa, da yana ajina da yau ya kwana a tsaye." Na sa aka kai teburin ɗakina na kulle, makulli a bakin zanena.

Washegari da sassafe na aika aka taso min shi. Na naɗe tawul ɗin nan nasa na yi masa gammo, ni da matarsa muka ɗora masa tebur a ka, laftof tana sama kamar an naɗa mata sarauta.

Ya ce, "Mama, mu bi ta bayan kemis."

Na ce, "Ta gaban layi za mu bi. Jiya ai kai ka tara su."

Ina gaba da gudumar, yana tsakiya, jikata a baya tana cewa, "Kawu, a hankali, akwai waya a sama." Tela yana buɗe shago ya ce, "Injiniya, an fara kai wa har gida ke nan?" Autana ya wuce abinsa, don mai tebur a ka ba ya iya juyawa.

Mun tarar da mai gyara yana share ƙofa. Teburin ya ƙi shiga, aka dire shi a waje. Mutumin ya gaishe ni, ya dubi autana, ya dubi teburin, ya leƙa ƙasa. Can ya ce, "Gam ɗin dai mai kyau ne."

Autana ya ce, "Ai ba na sayen na banza."

Na ce, "Rufe min baki."

Ya kawo wani abu mai hura iska mai zafi da siririn ƙarfe, ya yi ta bi gefe-gefe yana lallaɓawa, har jikin na'urar ya rabu ya bar murfin manne a kan tebur. Ya zaro abin da aka goga wa magagari da kyar, ya ce wannan gurbin ya tashi aiki, amma Allah ya sa akwai na biyu a ƙarƙashin wata baƙar leda. Ya ce, "Ina na asalin?"

Tela, wanda ya biyo mu ba a gayyace shi ba, ya ce, "Yana cikin gwangwanin gam."

Mai gyara ya karanta lambar da ke jikin na'urar, ya shiga ya miƙa hannu can ƙarshen kantar nan, inda duk kayansa suke gangarawa su taru, ya ɗauko ɗan falle. Da yatsa biyu ya sa shi. Ya nemo murfi daga wata matacciyar laftof irinta ya ɗaura da noti. Jikata ta danna. Fuska ta kawo haske. Ta buɗe asibitinta ta ce ya juya, ya juya sumul, har na ga 'yan tagogin da ta yi ƙasa-ƙasa don yara su riƙa leƙa waje. Ta rungume ni har ta kusa kayar da ni.

Autana ya leƙo ta kafaɗarta ya ce, "To ba ga shi ba? Ai na ce durowa ce."

Na ce masa abin da aka sa wa na'urar, shi zai biya, murfin da ya bari a teburin Hedimasta kuma ya kankare ya sake gogewa kafin azahar. Ya ce to. Ya sunkuya zai ɗauki tebur, na ce tsaya, da saura. Na miƙa masa gudumarsa na nuna masa kantar.

Mai gyara ya ba ni kujera na zauna a bakin ƙofa. Autana ya sauke kantar yana gunaguni wai bangon ne a karkace, ya sake kafa ta. Da ya ce ya gama, na ari batir na tashi na ɗora a tsakiya da hannuna. Na tsaya ina kallo. Bai motsa ba. Na gyara mayafina, na kama hannun jikata muka tafi gida karyawa.